Tabon Da Na Sa Wa Motata

A shekarun da zan ba ku labari, ni manomi ne kuma direba, a wani ƙauye ta wajen Makoda. Ina da tsohuwar mota mai ƙofa huɗu. Ba ta gudu, amma ba ta taɓa zubar da ni a hanya ba. Ranar kasuwa ta ɗauki gyaɗa, ranar ciwo ta kai mutum asibiti. Ita kaɗai ce mota a unguwarmu. Ban gode ba, gaskiyar ke nan.

Wata rana na sauke kaya a birni, sai na hango wata jar mota a wurin masu sayar da motoci 'yan Kwatano. Ƙofa biyu, kujera biyu, ta lafe a ƙasa kamar kyanwa za ta yi tsalle. Dillalin ya bar ni na zauna a ciki. Daga ranar ban ƙara zama daidai ba. Ina tsakiyar noma sai in ga tana ratsa gero, ja a cikin kore, tayarta ba ta taɓa kunyar gona, ni ne a ciki. Amma kafin in saye ta sai na sayar da gonar gado, kuma a wajenmu gonaki a matse suke, wanda ya saki tasa ba ya sake samu. Ga hanyar garinmu duk ramuka, cikin motar zai kwashi ƙasa kafin a kai titi. Matata ma ta tambaye ni ko a but zan riƙa zuba ta ita da yara.

Wani bakanike abokina ya ce akwai hanya mai sauƙi, a ɗaura wa tawa tabo. Wani ƙarfe ne mai kama da dodon koɗi, yana cusa wa inji iska ya ƙara ƙarfi. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya gaya mini injina ya tsufa, sai an canja kayan ciki an sa babban lagireto. Na ce ya ɗaura haka nan, sauran daga baya. Na sayar da san huɗata ɗaya.

Da Inna, mahaifiyata, ta ji, sai ta tambaya wane irin ɗa ne zai kai lafiyayyar mota a yi mata tabo, har ya biya lada. Muka yi ta dariya. Da ta ji ƙarar kuma ta ce tun ina ƙarami take buge mini baki a kan fito, yanzu na sa ƙarfe yana yi mini.

Daɗi kam na ji shi. Bayan La'asar in hau titi, in taka totur, sai ɗan shiru, sai fiton nan ya taso siriri, bayana ya manne da kujera. Kuka da ɗorawa su riƙa wucewa kamar a cikin ruwa. A idona bonet ɗin ja ne, alhali fari ne mai tsatsa. Allurar zafi tana hawa, sai na daina kallonta.

Wata safiya aka bugo waya daga Gezawa. Ƙanwar Inna, su biyu suka rage a ɗakinsu, jikinta ya tsananta, tana ta kiran yayarta. Inna ta yafa mayafi ta zauna a gaba. Ita da kullum take hana ni gudu, ranar ta ce in yi sauri, Allah ya yi mini albarka. Na taka iya ƙarfina. Na ɗan lokaci motar ta zama jar nan sosai. Sai wata ƙara, sai farin hayaƙi ya rufe gilashi. Inji ya buga. Na zaunar da Inna a gindin ɗorawa. Motocin haya suna wucewa a cike, ita kuma ba ta iya hawa babur. Da ƙyar muka samu mota. Da muka isa, mutane suna dawowa daga maƙabarta.

An ce sai da rana ta take tsaka ƙanwar ta cika. Da motata tana yadda take a da, da hantsi za mu isa muna tafiyarmu a hankali. Ajali na Allah ne, na sani. Amma ganawar, ni na hana ta.

Inna ba ta taɓa yi mini faɗa a kan wannan ba har ta bar duniya. A hanyar dawowa ne kawai ta dafa ƙirjinta ta ce ashe a nan aka yi tabon.

Yanzu motar tana bayan gida, kaji suna ƙwai a ciki. Wani lokaci iska ta ratsa karan gero in ji kamar fiton nan, in tsaya da fartanya a hannu. Don Allah, duk mai sha'awar gudu, in ba zai iya gyara injin gaba ɗaya ba, ya bar tsohuwa da tafiyarta. Kuma kafin ya taɓa ta, ya tuna wa zai ɗauka ranar da sauri ya zama dole.