Inda Gwaggo Zaibun Ta Mutu

Tufail Kwaja mai gyaran keken ɗinki ne a tsohon birnin Lahore, amma teloli kaɗai suka san shi da wannan sana'a. Sauran jama'a da gidansa suka san shi. A tsakar gidan, ƙarƙashin wata tsohuwar darbejiya, aka ɗauki wasan talabijin ɗin nan mai suna Gidan Darbejiya, zamanin da tasha ɗaya ce a ƙasar, hoto kuma baƙi da fari. Ranar da za a nuna shi kasuwa kan tashi da wuri, masu biki ma sukan ɗage walima.

Mahaifin Tufail ne ya ba masu wasan aron gidan. Shi kansa yana saurayi a lokacin, har ya fito a wani kashi, inda aka ga ƙeyarsa yana ratsa tsakar gida da bokiti. Fuskarsa ba ta fito ba. Tun daga nan, duk baƙon da ya yi shakka sai Tufail ya juya masa baya don ya gani da idonsa.

Ginshiƙin wasan wata tsohuwa ce, Gwaggo Zaibun, mai sasanta 'yan gida, mai haɗa wa mutum magani da faɗa a cokali ɗaya. A kashi na ƙarshe ta rasu, gari ya ɗauki kuka. Matar da ta fito a matsayinta ta koma Kanada wurin 'ya'yanta, ta ci gaba da rayuwarta lafiya lau, amma masoya wasan ba su taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba.

Duk Lahadi bayan la'asar dattawan Ƙungiyar Masoya Gidan Darbejiya sukan hallara a gindin bishiyar. Shugabansu Rana Mushtak ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Mai ja da shi a kowace magana kuwa Masta Ilyas, tsohon malamin firamare. Tufail ba shi da muƙami, amma shi ne mai bishiya. A shago kwana shida teloli suna yi masa tsawa kan allura da zare, ranar Lahadi kuwa manyan mutane ne ke miƙewa idan ya fito, suna kiransa Kwaja Sahib, wato Yallaɓai Kwaja. Wannan ranar yake jira duk mako.

Ana nan sai wani matashi a Karachi ya rubuta littafin ban tsoro a kan wasan. A nasa labarin ba ciwo ne ya kashe Gwaggo ba, 'yan gida ne suka jefa ta rijiyar tsakar gida, ta dawo fatalwa da gashi a barbaje, tafin ƙafarta na kallon baya, tana ɗaukar matan gidan ɗaya bayan ɗaya. Littafin ya karɓu ƙwarai.

Dattawa suka yi taron gaggawa suka yanke shawarar ƙone shi. Sai dai Masta Ilyas ya ce bai dace mutum ya ƙone abin da bai karanta ba, don haka kowa ya sayi nasa. Rana Mushtak ya karanta sau biyu, daga nan ya daina yarda a rufe masa ƙofar banɗaki. Shi kuwa Masta Ilyas kisan bai dame shi ba. Abin da ya ɓata masa rai shi ne marubucin ya sa Gwaggo ta sha shayi da sukari, alhali duniya ta san tana da ciwon suga. Har yau ba a ƙone littafin ba.

Sai matasa suka fara zuwa da wayoyi a hannu suna neman rijiya. Gidan bai taɓa yin rijiya ba. Da suka rasa, sai suka ɗaga murfin kwata suka ɗauki hotonsa. Maƙwabtan da suka yi shekaru ba su ji ko tari daga gidan ba suka fara jin kuka. Mai sayar da madara na bakin lungu ya rantse ya ga sawun ƙafa a juye.

Tufail ya tambaye shi, "Kai kuma ta yaya ka gane a juye yake? Idan mai fita ne fa?"

Mai madara ya ce, "Kwaja Sahib, ni dai abin da na gani na faɗa." Ya juya ya ci gaba da auna wa matasan madara.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma Tufail yana da ɗa guda, Shahzeb, mai aiki a kantin magani, wanda ya wuce talatin bai yi aure ba. Gida biyu sun janye 'ya'yansu bayan fitowar littafin, don amarya a gidan iyayen miji take zama, kuma uwar yarinya ba ta cewa to sai ta zo ta ga gidan ta kuma tambayi maƙwabta. Yanzu an samo ta uku, wata malamar makaranta mai suna Mehwish. Shahzeb ya gan ta sau ɗaya, tun ranar yake guge rigarsa da kansa. Uwarta, Begam Farhat, ta aiko cewa a sa mata ranar zuwa.

Tufail ya sa Lahadi bayan la'asar.

Matarsa Kausar ta ajiye ludayi. "Baban Shahzeb, Lahadi fa ka ce? Da tsofaffin nan naka a zube a tsakar gida?"

"Don su na sa. Mutane ne masu mutunci, sun san gidan nan ciki da waje. Su za su shaida mata babu komai."

"Allah ya sa su shaida ɗin kawai su yi shiru."

Begam Farhat ta iso da ƙanenta, wanda daga sallama bai ƙara cewa uffan ba sai cin samosa. Mace ce gajera mai tabarau, ba ta da saurin magana. Aka zaunar da ita a kujerar da ta fi kyau, Shahzeb ya gaishe ta ya koma gefe ya sunkuyar da kai. Dattawa sun zo da yawa fiye da kullum, kowa da farar riga.

Rana Mushtak ya miƙe ya gyara murya. "'Yar uwa, ki kwantar da hankalinki. Abin da yaron nan ya rubuta ƙarya ce tsagwaronta. Ba wanda ya jefa Gwaggo a rijiya. A kan gadonta ta cika, da kalmar shahada a bakinta, a wancan ɗakin."

"Wane ɗaki?"

"Wancan mai koriyar taga."

Ɗakin da aka yi wa sabon fenti domin amarya ke nan.

Masta Ilyas ya girgiza kai. "Rana Sahib, tsufa ya fara taɓa ka. A matakala ta faɗi tukuna, sannan aka kinkime ta zuwa ɗaki. Ga ma inda kanta ya bugu."

"Kai ne tsufa ya cinye! Wanda ya faɗo daga matakala surukinta ne, kuma shi nan take ya mutu."

"Surukin guba ya sha a kicin!"

"Guba ta ƙanwar ce!"

Begam Farhat ta cire tabarau ta goge. "Ku yi mini afuwa. Mutum nawa ne suka mutu a gidan nan?"

Dattawa suka shiga ƙirga da yatsu, wani yana tuna wa wani jaririn da aka manta.

Tufail ya yi wuf ya miƙe. "Ba wanda ya mutu! 'Yar uwa, wasa ne duk! Matar tana Kanada da ranta!"

Rana Mushtak ya dube shi kamar ya zagi uwarsa. "Wasa, Kwaja Sahib? A gabana? Ni da na yi kwana uku ban ci abinci ba?"

Duk wannan abin da ake yi Kausar tana kai da kawowa da faranti. Wannan ba ya shan sukari, wancan sai da citta, wani nasa ya huce a sake ɗumamawa, wani kuma ya miƙo kofi ba tare da ya dubi mai karɓa ba. Tana dafa bango idan za ta hau dakalin kicin. A zuwa na huɗu ko na biyar Begam Farhat ta tashi ta karɓi farantin daga hannunta ta bi ta ciki. Suka daɗe. Tufail yana jin ƙus-ƙus, sau ɗaya ma ya ji dariya, wadda ta fi komai tayar masa da hankali.

Da ta fito sai ta kira shi gefe, kusa da ƙofa, inda Shahzeb zai iya ji.

"Ɗan uwa, littafin nan na karanta shi, har na ba maƙwabciyata aro. Fatalwa ba ta dame ni ba. Fatalwa ba ta shan shayi."

Tufail ya fara murmushi.

"Waɗannan su suka dame ni. Matarka ta ce tun tana amarya take dafa musu, yanzu gwiwa ta ƙare. Shi ne kuke neman mai karɓarta? 'Yata kwana shida tana fama da 'ya'yan mutane a aji. Lahadi ce kaɗai tata. Yaronka ya yi mini, gidan ma ya yi mini, har da kwatar. Amma ko su ko ita. Ka yi shawara ka aiko."

Ta tashi ƙanenta daga kan samosa suka tafi.

Tufail ya tsaya a bakin ƙofa. A bayansa dattawa sun koma kan batun guba, ba su ma lura baƙuwa ta fita ba. Ya dubi ɗansa. Shahzeb yana ta murza maɓallin rigar da ya guge.

A makon nan Tufail ya ɓata keken wani tela da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba. Kausar ba ta tayar da maganar ba ko sau ɗaya, sai dai duk sanda ya shigo tana shafa man zafi a gwiwa inda zai gani.

Lahadi ta zagayo, dattawa suka iso suka tarar da ƙofa a rufe, Tufail yana tsaye a waje, ya fito da bencinsu ya jingine a bango.

Rana Mushtak ya ce, "Lafiya, Kwaja Sahib? Rasuwa aka yi?"

"Aure za a yi. Daga yau taro ya tashi daga gidan nan."

"Bayan duk shekarun nan? To ina za mu?"

"Gidanka mana, Rana Sahib. Kana da fili."

"Gidana?" Rana ya ja da baya. "Wa zai dafa shayin mutum goma sha wani abu? Matata ba za ta yarda ba."

Aka juya ga Masta Ilyas, ya ce tasa tana da hawan jini. Na gaba ya ce surukarsa ba ta son hayaniya. Haka aka bi layi har ƙarshe ba a samu gida ko ɗaya ba. Daga bisani biyu daga cikinsu suka ɗauki bencin, sauran suka bi su a baya zuwa wurin mai shayi na bakin titi.

Tufail bai bi su ba ranar. Ya koma ciki ya ce wa Kausar ta kira Begam Farhat a sa rana bayan Babbar Salla.