Motar da Nake Kaiwa Mashaya

Shekarun baya, a shekarar da kogin Haɗejiya ya tumbatsa har mutanen gari manya da yara suka fito suna cika buhuna da ƙasa don tare ruwa, ina jan wata tsohuwar babbar mota mai shan gas da kawuna ya bar mini. Ni ba tashin tasha ba ne. Karatun zaure na yi, ajami hannuna ya saba da shi, tuƙi kuwa da girmana na koya saboda neman abinci.

Ina da aboki a Auyo, manomin shinkafa, gaban malami ɗaya muka durƙusa. Shi Babarbare ne, ni Bafillatani, to kun san wasan da ke tsakanin ƙabilun nan biyu. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai "bawana", ni ma ban taɓa raga masa ba.

Yadda nake kula da motar a lokacin, haka na ga kowa yana yi a yankinmu. In ruwan lagireto ya ragu, sai a tsaya bakin kogi a ɗebo da bokiti a ɗura. Baƙin mai na awo nake saye daga duro, ban san asalinsa ba, ban kuma tambaya ba. Filtar gas in ta toshe, a wanke ta da kalanzir, a shanya, a mayar. Ta iska kuwa a bubbuga ta a jikin taya, shi ke nan an yi mata gata.

Wata safiya abokina ya same ni a bakin ruwa da bokitina. Ya tsaya ya riƙe haɓa.

"Bawana, wai ka ɗauka saniya ce? Kullum ka koro ta mashaya. Saura ka nemo mata harawa. Dubi ruwan nan fa, kamar kunun kanwa."

Na ce, "Ka manta karatu ke nan. Ruwan da ƙasar da yake kwance a kai ta sauya masa launi, tsarkinsa yana nan. In ya halatta in yi alwala da shi in tsaya gaban Ubangijina, ƙarfe ne zai ƙi shi?"

Ya ce, "Allah ya gafarta malam. To ita motar salla za ta yi?"

Muka yi dariya, na ɗura ruwana na tafi, ina jin na kayar da Babarbare da hujja.

Da ruwa ya fara hawa gonaki a wannan damina, sai ya kira ni. Ya yanke shinkafarsa da gaggawa, an buge, an tara buhunan a kan wani ɗan tudu kusa da gona. Abincin gidansa ke nan na shekara, har da irin baɗi. Ya ce hanya ba za ta daɗe ba ruwa zai raba ta. Na ce masa kada ya nemi kowa, gobe da ikon Allah ina tafe. Saboda maganata bai nemi wata motar ba.

Na fita bayan sallar asuba. Ban yi nisa ba allurar zafi ta fara hawa. Na tsaya, na bar injin ya huce, na ɗebo daga ruwan da ya malalo gefen hanya, wanda ya ma fi na kullum kauri, na ƙara. Na ci gaba, allura ta sake hawa, na sake ƙarawa. Ana hango bishiyoyin ƙauyen da gonarsa take sai farin hayaƙi ya turnuƙe, injin ya yi tari, ya yi shiru.

Abokina ya iso a kan babur, wandonsa jiƙe har gwiwa. Na zaro sandar gwajin mai a gabansa. Maimakon baƙi, sai ga abu fari-fari mai kauri kamar kindirmo, ruwa ya haɗe da mai. Ya leƙa ya gani, ya ce, "To alhamdu lillahi, saniyar ta fara ba da nono."

Ya yi dariya, amma idonsa yana can wajen tudun.

Da kwalekwale aka kwashe abin da ya samu a wunin nan, ni ma na tuɓe riga na shiga ɗauka. Kwalekwale ba mota ba ne, kuma kowa na neman mai fito a ranar. Ruwa ya riga mu zuwa ga buhunan shinkafar da ke ƙarƙashi, da aka buɗe su daga baya duk sun tsiro. Na kasa haɗa ido da shi. Shi ne ya dafa kafaɗata ya ce, "Abin da ruwa ya ci, rabonsa ne. Amma ka sani ina bin ka lodi ɗaya. Ba kuɗi na ce ba, lodi."

Da bakanike ya buɗe lagireton a Haɗejiya, lakar da ya kwaso ta isa a gina murhu. Ta toshe hanyoyin ruwa, zafi ya ƙone abin da ke raba ruwa da mai a kan injin. Bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Malam, kowa haka yake yi, kai dai ranarka ce ta zo."

Tun daga nan na koma ɗalibi. Na riƙa tambayar direbobin doguwar hanya da masu sayar da kayan gyara, kamar yadda nake tambayar malam fassarar baƙi. Na gane ruwan lagireto na galan ba sanyaya inji kaɗai yake yi ba, yana hana tsatsa, ba ya kuma saurin tafasa, sannan ba a gauraya mai launin kore da mai launin ja. Na gane baƙin man injin gas daban yake, kaurinsa a rubuce yake jikin galan, kuma ba a saye sai wanda ba a taɓa buɗe murfinsa ba. Filta kuwa kowane inji da lambarsa, jabu in ka ɗaga za ka ji ba nauyi, kuma wadda ta gama aiki ba wanki take so ba, ritaya take so. Duk ranar juyen mai nakan rubuta watan da ajami a jikin sabuwar filta. Bakaniken ya ce laya nake yi wa mota.

Shekara da shekaru ina neman in sauke lodin nan, abokina yana zillewa. In na ɗauko masa taki ko shinkafa, sai ya cusa mini kuɗin haya a aljihu ya ce, "Wannan haya ce, bashina yana nan. In ka biya, da me zan riƙa tsare ka a gaban mutane?"

Sai wata damina ruwa ya sake hawa. Waya ta yi ƙara da hantsi, na ji muryarsa ba wasa a ciki.

"Bawana, yau nake son bashina."

Na yi bisimilla na tayar da mota. Duk tsawon hanyar idona yana kan allurar nan, ita kuwa ta tsaya cak a wurinta kamar an kafa ta. Muka yi lodi, na kai tudun gari, na dawo, na sake komawa, har buhun ƙarshe, har da na wata gwauruwa maƙwabciyar gonarsa.

Yau in na tuna, abin da ya zauna mini shi ne kowane abu da haƙƙinsa, har ƙarfe. Sanin babin tsarki bai ba ni izinin yin fatawa a cikin inji ba. Hujjata daidai take, wurin da na kai ta ne ba nata ba.

Da la'asar muna tsaye kusa da buhunan, busassu ƙalau, sai ga shi da bokiti cike da jan ruwan kogi. Ya dire a gabana.

"Ta yi aiki yau. Ba za ka shayar da ita ba?"

Na jawo bokitin, na tsuguna, na yi alwalata da shi. Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya tsuguna gefena ya naɗe hannun riga.

"An biya, bawana," ya ce. "Rage mini ruwan."