Layin da Shitu Ya Tsaya

A Nariya, in ka ga fastar siyasa ta kwanta lif a jikin bango, to Shitu ne ya manna ta. Shekara goma sha tara yana yi wa jam'iyya wannan bauta da ƙullun rogo da tsintsiya, ko kujera ba a taɓa miƙa masa a taro ba. Gonarsa ta gado ta tafi tun jinyar mahaifiyarsa. Wadda yake nomawa aro ce daga Alhaji Uzairu, shugaban jam'iyya na mazaɓa, kuma da ita yake ciyar da mutum tara.

Da aka zo fitar da ɗan takarar shugaban ƙasa, uwar jam'iyya ta ce ƙato-bayan-ƙato za a yi, kowa ya tsaya bayan hoton gwaninsa. Alhaji ya nuna layin da yake so. Shitu kuwa, wai shi mai ra'ayi, ya ji ɗaya ɗan takarar a rediyo yana maganar taki, sai ya bi nasa layin. Shi ne ma a gaba, riƙe da hoton.

Matarsa Ramlatu ta ce, "Malam, ka manta gonar wa kake nomawa?"

Ya ce ai zaɓe ne.

Aka tattara sakamakon ƙasa, kowane ɓangare ya ce shi ya ci. Sati uku ana ja-in-ja, Shitu yana ta cewa a sake ƙirga kowa. Dattawan jam'iyya suka shige ɗaki a Abuja, suka fito da maslaha: gwanin Shitu ya janye, aka yi masa alkawarin minista, aka rungumi juna, aka ce babu wanda ya faɗi. Ni da nake maƙwabcin Shitu, wannan ƙarya har yau tana ƙona min rai.

Alhaji bai yi gaggawa ba. Ya bari Shitu ya yi maimai, ya zuba taki, dawa ta fid da kai, sannan ya aika yana son gonarsa. Mai unguwa ya ce a al'ada sai an girbe, amma a zaurensa ya faɗa, a hankali.

Shitu ya je ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, ai an ce an yafe wa juna."

"Manya ne suka yafe wa juna," in ji Alhaji. "Kai da wa ka zauna?"

Ranar girbi aka neme shi ƙwadago a wannan gonar da ya noma. Gida babu ko tiya, ya ɗauki magirbi ya je. Da yamma mai kula da aikin ya sa shi ya zazzage aljihunsa kafin ya fita daga gonar.