Baƙin Man da Ya Cika Tsabta

Shekara goma sha tara Malam Sabo ya yi yana kula da babban janareton wani kamfanin biskit a Idu. Mutumin Zariya ne, gajere, marar yawan magana, amma in ya kara kunne a jikin injin sai ka rantse gaisawa suke yi. Matarsa Lantana takan ce da janareton ya iya tuƙa tuwo, da Sabo bai ƙara kwana a gidansu na Durumi ba.

Bara ya ɗaura wa injin ƙarin filta a gefe, irin wadda ke jan baƙin mai kaɗan-kaɗan tana tace dattin da ido ma ba ya gani. Bai gaya wa kowa ba. A ganinsa wannan tsakaninsa da injinsa ne.

Duk wata uku akan ɗebi man a kwalba a kai ɗakin gwaji, a duba ko akwai ɓurɓushin ƙarfe, alamar injin na cin kansa. Wannan karon sakamako ya dawo fes. Manaja, Oga Zulkifilu, har ya manna takardar a bangon ofis.

Sabo kuwa kunnensa na jiyo masa wata ƙara.

"Oga, injin nan ba shi da lafiya. Yana wani tari can ƙasa."

"Malam Sabo, takarda ta ce lafiyarsa lau. Ko dai kai ne za a duba wa kunne?"

Ana haka Hafsah, mai aikin gwajin, ta bugo masa waya.

"Baba, tsakaninka da Allah, sabon mai ka zuba mana a kwalba?"

Sabo ya ji zafin maganar har ya cire hula. Ya ce shi bai taɓa ha'intar injin ba, balle mutum. Cikin faɗan ne ya ambaci filtar.

"Ai da ka faɗa tun farko, Baba. Ita ta kwashe duk abin da muke nema. Kawo mana ita."

Ya kwance filtar tana ɗiga, ya rasa abin da zai saka ta. Sai ya cinye shinkafarsa a tsaye, ya zura filtar cikin sabuwar kular da Lantana ta zubo masa abincin. A ƙofar ɗakin gwaji maigadi ya ce ba a shiga da abinci. Maigadin ya buɗe kular, ya leƙa, ya rufe a hankali, ya ba Sabo hanya.

Da Hafsah ta yanka filtar, sai ga ƙarfe yana ƙyalli kamar an barbaɗa gishiri. Aka tsayar da injin kwana biyu, aka gyara shi kafin ya buga. Oga ya cire takardar daga bango, ya rataya kalanda.

Lantana ta wanke kular sau huɗu, da sabulu da toka, warin bai fita ba. Sati guda Sabo yana tafiya aiki da tuwonsa a leda.