Garin Kunun Inna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ga saƙonninku, har da na masu cewa ko na daina ɗinki ne na koma ƙauye. Ban koma ba, jinya na yi, kuma sai yanzu hannuna ya iya riƙe waya na rubuta da kaina.

Da ciwon ciki ya fara. Murɗa ce wadda sai na sauka daga kan keken ɗinki na dafa bango. Aka ce gyambon ciki ne, na sha magani. Aka ce taifot ce, aka yi mini ƙarin ruwa. Ba bayan gida, ga ciwon kai, ga ɗanɗanon ƙarfe a baki kamar na tsotsi ƙusa. Faɗa kuwa, ko sallama aka yi mini da ƙarfi sai na hau mutum.

Ranar da almakashi ya suɓuce mini ina yanka atamfar mutane, na ɗaga hannun dama na ga ya lanƙwashe daga wuyan hannu ya ƙi miƙewa, ranar na ji tsoro na gaske. Da hannun nan nake ci.

Nan zargi ya shiga. Ni da Talatu muke zama shago ɗaya a Gusau, kuma kafin sallah wasu masu kawo mata ɗinki sun dawo wajena. Kullum tana kawo ɗanwake mu ci tare. Ban ce mata komai ba, na dai daina sa hannu a kwanonta. Na daina shan ruwan randar shago. Abincin maƙwabta idan an aiko, kaji nake zuba wa na tsaya ina kallonsu. Har maigida sai da na tambaye shi inda ya sayo nama.

Abu ɗaya na yarda da shi a duniya, garin kunun da Inna, mahaifiyata, take aiko mini daga ƙauyenmu a bayan Kwatarkwashi. Inna ba ta kai niƙa inji. Tun da ta ji ana cewa wasu injinan suna niƙa dutsen zinari ta rantse ba ita ba su. A dutsen niƙan da ta gada take yi, wanda take cewa tun kafin jirgin ƙasa ya zo Gusau yake gidanmu. Da ta ji ba na cin komai sai ta ninka aiken, ni kuma safe kunu, rana kunu, yamma kunu.

Jikina ya ƙara lalacewa, aka kwantar da ni. Jini ya yi ƙasa. An ɗauki hoton ciki, ba a ga komai ba. Tunkiyata ta tafi a kuɗin gwaji da magani.

Wata likita ce ta sa na buɗe baki, ta daɗe tana duba dasashina. Ta tambaya ko muna haƙar zinari, ko ina aiki da batir ko fenti. Na ce ni tela ce. Ta sa aka ɗebi jini aka aika wani gari, sakamako ya dawo: gubar dalma.

Na ce, to wa ya ba ni?

Ta ce, "Ba wa za ki tambaya ba, Hajiya. Me kike ci kullum?"

Ta sa maigida ya kawo kaɗan-kaɗan na komai, ruwan rijiyarmu, kwallina, garin kunu, da tsabar gero daga rumbun Inna, aka kai ɗakin gwaje-gwaje. Wallahi na so a haɗa da ɗanwaken Talatu, kunya ce ta hana ni faɗa.

Ruwa lafiya. Kwalli lafiya. Tsabar gero lafiya. Garin ne cike da dalma.

Na ce ƙarya ne, an musanya. Likita ta ce gero ɗaya ne, gona ɗaya, sai a nemi abin da ya taɓa shi tsakanin rumbu da kwano.

Maigida ya je ƙauye ya yi ta tambaya. Ashe ƙanena Lawali, da ya fara bin masu haƙa, yakan kawo 'yan duwatsu gida ya murƙushe su a dutsen Inna ya wanke ya ga ko akwai zinari. In ya gama ya share da tsintsiya ya ɗauraye. Inna ta sani, ta ɗauka abin da ruwa ya wanke ya tafi.

Ta zo asibiti ta zauna a bakin gado, ta kama hannun nan da ya mutu tana murzawa. Ta ce, "Ashe da hannuna nib ba ki, ɗiyata."

Ban taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba.

An ba ni maganin da ke fitar da gubar ta fitsari, ana auna jini ana sakewa, ana gasa hannun ana motsa shi. An auna Inna da Lawali, su ma suna shan magani. Dutsen an haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya an binne, Inna ba ta fito ta gani ba.

Alhamdulillah, jiya na yanka riga. Na gode wa likitar nan da ma'aikatan jinya, da maigida, da Talatu da ta ƙarasa ɗinkunan mutane ba tare da na roƙe ta ba.

Don Allah, ciwon cikin da ya ƙi jin magani, ku nemi a auna dalma a jini, musamman yara. Turmi, inji, buhu ko tabarmar da dutsen haƙa ya taɓa, kada hatsi ya sake hawa, wanki ba ya fitar da shi. Ni har gobe sai na tambayi mai sayar da gari inda ya yi niƙa, ya ji haushi ko kada ya ji.

Makon jiya direban ƙauyenmu ya sauke mini buhu daga Inna. Tsaba ce, ba gari ba. Ya ce ta ce kada na sha sai na kai an auna.