Sila Mai Jiniya da Kofin Farko

A Challawa, in ka ce Sila Albarka sai an tsaya tunani. Ka ce Mai Jiniya, har mai ƙosan bakin titi za ta kwatanta maka gidansa a Panshekara.

Sunan ya samo asali ne a 2008, ranar da Kano Pillars ta ɗauki kofin gasar ƙasa karo na farko. Sila ne mai gadin ƙofa a wani kamfanin jimar fata, jiniyar kamfanin kuma a hannunsa take. Kowa ya san ƙa'idarta: busa ɗaya mai tsawo, an tashi aiki; uku a jere, gobara. Yana zaune da 'yar rediyonsa a kunne aka ce kofi ya tabbata. Bawan Allah ya duba hagu da dama, babu wanda zai runguma, sai maɓallin jiniya. Ya danna sau uku.

Ma'aikata suka yo waje a guje, wani da takalmin roba ƙafa ɗaya, suna neman hayaƙi. Babu hayaƙi. Sila suka tarar yana taka rawa.

Manaja ya ce ya tattara kayansa, ga shi da 'ya'ya huɗu a makaranta. Malam Tijjani, shugaban leburori, shi ya shiga tsakani. Ya roƙi manaja ya zo ya ga ƙofar baya, wadda tsatsa ta riƙe har mutum ashirin suka cushe a bayanta. Da wutar gaske ce fa? Manaja ya daɗe yana kallon ƙofar. Daga bisani ya yanke hukunci: Sila zai ci gaba da aiki, amma duk ranar wasa makullin akwatin jiniya na aljihun Tijjani, in kuwa ya sake, shi ke nan.

A 1990 Sila ya zo Kano daga Pankshin, shekarar da aka kafa Kano Pillars, shi ya sa yake cewa shi da kulob ɗin sa'anni ne. Kafin ya san hanyar kasuwar Kurmi ya san ta filin wasa na Ƙofar Mata. 'Yan'uwansa na Jos sun gaji da yi masa gorin ya bar na gida ya bi Masu Gida.

Jarrabawar ta zo a 2012, da 2013, da 2014, kofi uku a jere. Kowace shekara Tijjani na riƙe da aljihu, Sila kuma na riƙe da nasa hannun kada ya kai ga jiniya. Matarsa Rifkatu ta ce murfin tukunyarta ne ya sha wahalar, don shi yake bugawa in ya dawo gida, har yanzu bai koma daidai ba. Da kulob ɗin ya faɗa rukuni na ƙasa a 2022, kwana uku ba a ji rediyo a ɗakin gadi ba, har Tijjani ya riƙa leƙowa yana yi masa sannu kamar mai jinya.

Bara Sila ya yi ritaya, babu takardar gargaɗi ta biyu. A wajen sallama Tijjani ya damƙa masa tsohon makullin, ya ce, "Baba Sila, kofi ɗaya aka ci ranar nan, me ya kai ka danna uku?"

Sila ya jujjuya makullin a tafinsa. "Malam, uku na danna, uku suka biyo baya. Da ba ku ƙwace wannan ba, da yanzu ana neman wurin ajiye kofi a Kano."