Kitson da ke Ƙarƙashin Ɗankwalin Inna

Wata rana wata mata mai suna Ladidi ta sauka a tashar mota a Kaduna, da 'yar jakarta da kwanon man shanu a leda. Ba ta gaya wa kowa tana tafe ba.

Daga Azare ta taso, can take aure. Ta zo duba mahaifiyarta ne.

Inna ta samu shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama ya mutu, baki ya karkace, magana ba ta fita sai gurnani. Kafin azumi Ladidi ta zo ta yi jinyarta a gidan yayanta, Habu, har maigidanta ya fara kira yana cewa yara sun ishe shi.

Ranar da za ta koma, ta zaunar da Inna a tsakar gida, ta wanke mata kai, ta shafe shi da man shanu, ta yi mata kalaba. Inna tana da gashi, fari tas, har kafaɗa. Duk tsufanta ba ta yarda ya kwana a tsefe. Baƙin zaren ɗaure bakin kitso ya ƙare, sai Ladidi ta zare koren zare daga gefen zaninta ta ɗaure na ƙarshen.

Ta tafi.

Ba a jima ba Yaya Habu ya kira ta a waya. Wai ya kai Inna gidan kula da tsofaffi. Shi yana aiki, matarsa tana aiki, can kuwa akwai nas-nas dare da rana.

Ba shawara ya kira nema ba. Ya riga ya kai ta.

Suka yi kaca-kaca. Ta ce ya zubar da uwarsu kamar tsohon kaya. Ya ce mai baki daga nesa ba ta san nauyin ɗaga mutum zuwa banɗaki ba. Ya kashe wayarsa.

Daga nan sai hotuna.

Duk Juma'a Yaya Habu yana zuwa gidan ya ɗauki hoton Inna, ya saka a guruf ɗin dangi na waya. Inna a kujera mai laushi. Inna da sabuwar atamfa. Inna da kofin shayi a gabanta.

Dangi suna ta zuba "Masha Allah". Wata gwaggo har cewa ta yi ita ma a kai ta.

Azumi ya wuce. Ƙaramar Sallah ta wuce. Babbar Sallah ma ta wuce.

Ladidi dai kallon hotunan take, zuciyarta ta ƙi kwanciya. Ɗankwalin ne yake damunta. Inna tura ɗaurinta baya take yi, furfurar goshi a waje. A hotunan nan kuwa an janyo shi har kan gira, an ɗaure tamau.

Kuma kusan kowane hoto, hannun hagun Inna yana kanta.

Da ta tambayi yayanta, sai ya ce, "Amin take cewa. Duk sanda na yi mata addu'a sai ta kai hannu goshi. Ke komai sai kin nemo masa aibu."

Shi ya sa ta hau mota.

A bakin ƙofar gidan maigadi ya tare ta. Yau ba ranar ziyara ba ce. Ta ce uwarta ce a ciki. Ya ce kowa ma uwarsa ce a ciki.

Ta zauna a kan dakali cikin rana, ta kira Yaya Habu.

Ya iso a fusace, ko gaisuwarta bai amsa ba.

"Ladidi, tonon asiri kika zo yi min? Ki taso tun daga Azare ba sallama, kamar 'yar sanda?"

"Inna na zo gani, Yaya."

"Za ki gan ta. Ki gani da idonki, ki koma ki rufe min baki."

Aka buɗe musu. Shugabar gidan, wata Hajiya Turai, ta fito da fara'ar da iyakarta haƙora. Ta dubi Ladidi daga silifas har mayafi, ta ce su ɗan jira, ana shirya Mama.

Kafin a gama shiryawar ta zagaya da su.

Ga falo da talabijin kamar ƙofa. Ga na'urar sanyaya ɗaki. Ga kicin, tayil sai ƙyalli. Ko'ina ƙamshin turaren wuta. Tsofaffin mata a jere a kujeru, kowace da ɗankwalinta har kan gira, suna kallon talabijin ɗin da ba wadda take kallo.

"Kin gani ko?" in ji Yaya Habu. "A gidanki akwai wannan?"



Aka turo Inna a keken marasa lafiya. Sabuwar atamfa. Hoda a fuska. Kwalli ma an zizara mata. Turare kuwa kamar an yi ɓarinsa.

Tana ganin 'yarta, sai ta fara gurnani, hannun hagu ya tashi ya dafe kai.

Yaya Habu ya durƙusa can nesa kaɗan, yadda ɗa namiji yake gaida uwa, kai a ƙasa. "Inna, Allah ya ƙara sauƙi. Allah ya tashi kafaɗunki."

Hannun ya ƙara danna ɗankwali.

"Amin, Inna, amin," in ji shi. Ya waiwayo ya harari ƙanwarsa.

Ladidi ta matsa ta rungume uwarta. A nan, ƙarƙashin turaren, hancinta ya jiyo wani abu. Wari ne mai tsami, irin na tsumman da ya kwana a jiƙe.

Ta ɗago ta dubi Hajiya Turai.

"Hajiya, Inna tana samun salla kuwa?"

"Haba, baiwar Allah. Nan gidan Musulmi ne. Ba lokacin sallar da yake wucewa ba a yi mata alwala ba. Ni da kaina nake tsayawa a kai."

"Cikakkiyar alwala?"

"Cikakkiya."

Ladidi ta kai hannu kan ƙullin ɗankwalin.

Hajiya Turai ta yi wuf ta ce, "A'a, kar ki buɗe mata kai gaban namiji mana!"

"Ɗanta ne."

Ta warware.

Jama'a.

Kalabar nan ce. Ita dai. Wadda Ladidi ta yi da hannunta kafin azumi.

Sabon gashi ya tso a ƙasa ya cukurkuɗe da tsoho, ya dunƙule kamar buhun da ruwa ya daka. Farin nan ya koma ruwan ƙasa. Ƙwarƙwata tana yawo a fili, ba ta ko gudu. Bayan kunnen hagu, inda farcen Inna yake iya kaiwa, fata ta ɗaye ta zama gyambo, yana ruwa.

A bakin kitson ƙarshe, ga koren zare.

Ladidi ta kama zaren da yatsu biyu, ta ɗaga shi yadda kowa zai gani. 

"Hajiya, wannan zaren daga zanina na cire shi. Wace irin alwala ce kuke yi wadda babu shafar kai?"



Yaya Habu ya miƙe. Tun da ya girma bai taɓa ganin kan mahaifiyarsa a buɗe ba, sai yau. Ya duba, ya kau da kai, ya sake dubawa. Sai ya juya kan Hajiya Turai da ihu. Zai kai su kotu. Zai sa a rufe gidan. Zai tara musu 'yan jarida.

Hajiya Turai ta ajiye fara'ar nan gefe, ta riƙe ƙugu.

"Malam, sassauta murya, akwai marasa lafiya. Kullum ka zo nan, minti nawa kake yi? Ka durƙusa, ka ɗauki hoto, ka duba agogo. Ka taɓa cewa a buɗe maka?"

Ta juyo kan Ladidi.

"Ke kuma mai zare, sannu da ƙoƙari. Tun kafin azumi ina kike? Mu ne muke kwashe kashinta da fitsarinta. Ma'aikaciya ɗaya tsofaffi nawa za ta yi wa kitso? Da kuna sonta haka, da ba a nan muka same ta ba."

Maganar ta shigi Ladidi har ƙashi. Ta haɗiye ta, don ba duka ce ƙarya ba.

Ta ce, "Wannan tsakanina da Ubangijina ne, kuma zan amsa. Ke kuma za ki amsa alwalar da kika ce kina tsayawa a kai. Da kin ce min hannu ya yi muku kaɗan, da na ji. Sai kika shafa mata hoda."

Ta cire mayafinta ta lulluɓe kan Inna a hankali.

"Yaya, ɗauko ta."

"Ladidi, bari mu fara zama da su tukuna, a san..."

"Ɗauko ta, ko in goya ta a bayana har tasha, duk garin nan su gani."

Ya ɗauko ta. Da hannunsa ya sa ta a mota. Hajiya Turai tana biye da su tana cewa sai an sa hannu, sai an bi ƙa'ida. Ba wanda ya waiwaya.

A tsakar gidan Yaya Habu, inda aka yi kitson, nan aka zauna kwance shi. Ladidi ta jiƙa shi da man shanun da ta zo da shi, ta sa tsinke, ta sa mataji. Ya ƙi. Duk inda ta taɓa sai Inna ta zabura.

Dole aka kawo almakashi.

Gashin da Inna take tattali tun tana budurwa yana zubowa kan tabarma dunƙule-dunƙule. Inna tana hawaye ta ido ɗaya, Ladidi ta ido biyu. Aka wanke kan da ruwan ɗumi, aka kira mai kemis ya wanke gyambon ya sa magani.

La'asar ta yi. Ladidi ta kawo buta ta yi wa uwarta alwala. Da aka zo shafar kai, ta ɗora jiƙaƙƙen tafinta a kan fatar nan, daga goshi har ƙeya. Inna ta lumshe ido, ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

Bayan salla Yaya Habu ya shigo, ya durƙusa inda ya saba.

"Inna, Allah ya ƙara sauƙi. Allah ya tashi kafaɗunki."

Ya jira hannun ya tashi.

Hannun yana kan cinya. Bai motsa ba.

Ya sake addu'ar da ƙarfi. Inna ta dube shi kawai.

A nan ya gane. Duk watannin nan ba amin take cewa ba. Nuna masa take yi. Shi kuma yana amsawa da "amin, Inna", yana ɗaukar hoto.

Ya fita waje. Ladidi ta ji kukansa ta bayan katanga. Ba ta bi shi ba.

Washegari ta wuce Azare da uwarta. Bai hana ba, shi ya kai su da motarsa.  Har yanzu tsakaninsu gaisuwa ce kawai.

Gashin Inna ya fara tsowa, fari tas.

Sauran tsofaffin nan kuwa suna can a jere gaban talabijin, ɗankwali har kan gira.

Darasi: In kin ba da amanar tsohuwarki, a gidan kula da tsofaffi ne, a asibiti ne, ko a hannun 'yar aiki a cikin gidanki, kar falo da turare su ishe ki shaida. Abin da aka shirya don idonki ba shi ne kulawa ba. Ki je ranar da ba a sa ran ki. Ki matsa kusa har ki ji warin jikinta. Ki ɗaga ɗankwali, ki juya bayanta, ki duba tsakanin yatsun ƙafa. Ku kuma maza, kunyar uwa ba ta hana duba uwa. Wanda ciwo ya ƙwace wa baki, da hannu yake kuka, kuma Allah zai tambaye mu abin da muka ƙi gani.

Don Allah kar ku karanta ku wuce. Ku tura wa duk wanda tsohonsa yake hannun wasu. Wataƙila yau wani ya je ya ɗaga ɗankwali.